"A wane littafi ka gani?"

Bana Malam ya ba mu aikin rubutu kan falalar ilimi. Da yawanmu, har da ni, muka kwaso hadisin nan na neman ilimi ko a birnin Sin daga WhatsApp. Malam ya ce, "A wane littafi kuka gani?" Aji ya yi tsit. Ashe Ibnul Jauzi ya saka shi cikin Al-Maudu'at, littafinsa na hadisan ƙarya. Wallahi na ji kunya!

Ni dai a ganina ba laifin waya ba ne, garajenmu ne. Imamu Bukhari ya shekara 16 yana tace Sahihinsa, mu kuwa duba littafi ɗaya ya gagare mu. 'Yan'uwa, kafin mu kwafa, mu nemo littafin, mu rubuta shafinsa. In ba mu samu ba, ai Malam yana nan bayan la'asar.