Wasiƙa Zuwa ga Masu Nazarin Tafiyar Ƙwayar Halitta

Ya ku 'yan'uwa da ƙanne masu wuni a kan madubin bincike.

Akwai wata ɗabi'a da ke damuna. Mutum ya daskarar da ƙwaya, ya rina ta, ya ƙirga intagirin da ke kan fatarta, sai ya ce ya gano abin da ke sa ta tafiya. Ai wannan kamar ka ƙirga motocin da ke tasha da hantsi ne, ka ce ka san zirga-zirgar gari.

Intagirin, waɗanda muke da iri 24 a jikinmu, su ne 'yan ƙugiyoyin da ƙwaya ke dafa ƙasa da su. Amma ba a girke suke ba. Tun 1989 Mark Bretscher ya nuna a Kambirij cewa ƙwaya na haɗiye intagirin mai kama fibronektin, ta sake fito da shi. A 1995 Lawson da Maxfield suka ga farar ƙwayar jini tana ciro intagirin daga bayanta tana kai shi goshi. Hanyoyin dawowar ma biyu ne: gajeriya ta Rab4, da doguwa ta Rab11 mai ratsa kusa da cibiyar ƙwaya.

Don haka ku auna zirga-zirgar intagirin ɗin kanta. Ku yi wa fatar alama da biyotin a kan ƙanƙara, digiri 4, lokacin da haɗiya ta tsaya cik. Ku ɗumama zuwa 37, ku goge abin da ya saura a waje, ku duba na ciki. Ku zuba firimakwin, eh, wannan dai maganin zazzaɓin cizon sauro, domin yana tare hanyar fitowa. In babu shi, wanda ya shiga ya fito zai sulale muku ba ku gani ba.

Kada kuma tafiyar ƙwaya a kan gilashi ta ruɗe ku. Ɗakin binciken Jim Norman a Gilasgo ya nuna a 2008 cewa in aka toshe intagirin αvβ3 da maganin silenjitaid, sai ƙwayar sankara ta hanzarta dawo da intagirin α5β1 tare da EGFR, ta ƙara kutsawa cikin saƙar da ke da fibronektin. An toshe ƙofa, ta bi ta taga. Daga baya silenjitaid ya gaza a babban gwajinsa kan sankarar ƙwaƙwalwa. Ban ce wannan ne kaɗai dalili ba, amma ni dai duk ƙwayar da na gani tana rarrafe a kan gilashi, sai na sake jarraba ta cikin kolajin mai kauri kafin in rubuta komai.

Naku a aiki.