Shekara 38 a Bakin Tafki

A majami'un Arewa, daga Sabon Garin Kano zuwa Bukuru, akwai roƙon da ba ya ɓacewa daga cikin takardun neman addu'a: a roƙa wa wane buɗi. Mai roƙon yakan zama saurayin da ya gama bautar ƙasa shekara biyar da suka wuce, har yanzu yana jiran sunansa ya fito a jerin waɗanda gwamnati ta ɗauka aiki. Wani lokaci ma'aikaciya ce da ta tsufa a mataki ɗaya na albashi, ko magidancin da rikici ya cinye shagonsa, ya kasa sake kafa ko da tebur. Dukkansu suna da rai da lafiya, amma rayuwa ta tsaya musu cik.

Amsar da ta fi yawa a kan bagade ita ce a ƙara azumi, a ƙara kwanan addu'a, a jira ranar da Allah zai motsa. Addu'a ginshiƙi ce, babu mai gardama. Sai dai koyarwar da ta tsaya a nan ta rage wa bangaskiyar Kirista rabin ƙarfinta, domin a Littafi Mai Tsarki fita daga kangi kusan kullum tana zuwa ne tare da wani umarni da mutum zai bi da ƙafafunsa.

Tambayar da ta riga warkarwa

Sura ta 5 ta Bisharar Yohanna ta ba da labarin wani tafki a Urushalima, kusa da Ƙofar Tumaki, mai shirayi biyar, inda marasa lafiya ke kwanciya suna jiran ruwa ya motsa. Masu tonon tarihi sun gano wurin kusa da majami'ar Saint Anne: tafkuna biyu ne da bango ya raba, abin da ya bayyana yadda shirayin suka zama biyar. A nan wani mutum ya kwanta da ciwon shekara 38. Masu sharhi sun daɗe da lura cewa adadin ya yi daidai da shekarun da Kubawar Shari'a ta ce Isra'ilawa sun yi suna gewaye a jeji bayan sun bar Kadesh, alhali littafin ya nuna tafiyar kwana 11 ce kawai daga Horeb zuwa can.

Da Yesu ya iske shi, abin da ya fara yi shi ne tambayarsa ko yana son warkewa. Tambayar kamar ba ta da amfani, amma amsar mutumin ta nuna amfaninta. Bai ce e ba. Ya shiga bayanin cewa ba shi da mai saka shi a ruwa, kuma kullum wani ke riga shi. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ta riga ta zama masa gida. Wanda ya daɗe a wuri ɗaya yakan saba da bayanin dalilin zamansa har bayanin ya maye gurbin muradin tashi. Yesu bai yi jayayya da shi ba, bai kuma kai shi ruwan ba. Ya umarce shi ya tashi, ya ɗauki tabarmarsa, ya yi tafiya. Hanyar da ya zuba wa ido shekara da shekaru ba ta ita aka fitar da shi ba.

Darasin ya shafi duk wanda ya ɗaure rayuwarsa ga ƙofa ɗaya. Takardar ɗaukar aiki daga ma'aikatar gwamnati tafki ce, kuma masu uwa a gindin murhu za su ci gaba da riga talaka shiga. Bulus, da dukan iliminsa, ɗinkin tanti ya yi don ya ci da kansa, ya kuma tsawata wa waɗansu a Tasalonika da suka ajiye aiki suka koma zaman kashe wando. Haƙurin da Kiristanci ke yabo shi ne na manomin da ya riga ya yi shuka. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Nauyin da ke baya

Ba rashin dama kaɗai ke tsayar da mutum ba. Sau da yawa abin da ya wuce ne ke riƙe da rigarsa, ko laifin da ya yi, ko wanda aka yi masa. Bitrus ya yi musun sanin Ubangijinsa sau uku, daga baya ya koma kamun kifi. A sura ta 21 ta Yohanna an tambaye shi sau uku game da ƙaunarsa, kowace amsa kuma aka bi ta da ba shi aikin kiwon tumaki. Gafarar ta zo masa da aiki a hannu, domin wanda aka yafe wa aka bar shi zaune, kunya za ta sake cim masa.

Yafe wa wani ya fi wuya, kuma Kaduna ta ga misalinsa. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 da ya faro daga Zangon Kataf. Imam Muhammad Ashafa, wanda ke ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan uwansa. Sun haɗu a 1995, suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai a Kaduna, har suka taka rawa a sulhun Yelwa da Shendam a jihar Filato. Wuye bai ɓoye cewa ya ɗauki shekaru yana aiki da Ashafa alhali zuciyarsa ba ta huce ba. Ya fara tafiyar ne tun kafin ransa ya amince da ita, kuma hannun bai dawo ba. Gafara a koyarwar Kirista shawara ce da ake yankewa, sanyin zuciya yakan biyo baya a hankali.

Inda hujjar ke da iyaka

Mai adalci zai ce wannan magana tana iya zama ɗora wa wanda aka zalunta laifi. Ɗalibin da yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye masa wata 8 bai zaɓi tsayuwa ba. Manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ba ragwanci ya zaunar da shi ba, haka ma mai fama da ciwon damuwa, wanda likita yake bukata tare da addu'a. Wa'azin da ke cewa duk wanda ya tsaya bangaskiyarsa ce ta gaza zalunci ne sanye da rigar ibada.

Amsar tana cikin kukan mutumin tafkin kansa, cewa ba shi da kowa. Bisharar Markus, sura ta 2, ta kawo wani shanyayye da mutum huɗu suka ɗauko, da taro ya tare ƙofa suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi, kuma bangaskiyarsu aka ce Yesu ya gani. Umarnin tashi yana kan mai kwance, amma nauyin ɗauka yana kan ikilisiya. A Oktoba 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi kusa da Mubi, watanni kaɗan bayan sace 'yan matan Chibok, waɗanda mafi yawansu 'ya'yanta ne. Shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci. Abin da ya tayar da jama'arta ya haɗa da tarukan warkar da raunin zuciya, rabon iri da taki, da sake gina gidaje, har hedkwatar ta koma mazauninta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka majami'ar da ke karɓar takardun neman buɗi tana da tambayar da za ta yi wa kanta bayan an shafa addu'a. Cikin masu sujada akwai injiniya da zai iya ɗaukar ɗan koyo, akwai akanta da zai iya duba lissafin ƙaramar sana'a, akwai Zumuntar Mata da adashinta ya sha zama jarin farko ga gwauruwa. Shi kuma mai roƙon, nasa shi ne ya amsa tambayar da aka yi a bakin tafki da gaskiya, ya ambaci abin da yake tsoro, ya ɗauki mataki ɗaya a wannan mako, ko da neman gafarar ɗan'uwa ne ko zuwa wurin mai koyar da sana'a.

Labarin bai ƙare da tafi ba. Ranar Asabar ce, kuma mutanen farko da suka tare mutumin sun tuhume shi ne da ɗaukar kaya a ranar hutu. Wanda ya tashi bayan doguwar kwanciya ya sa ran jin irin wannan daga waɗanda suka saba ganinsa a ƙasa. Mutumin dai bai ajiye tabarmar ba.