Waƙar Godiya Da Karin Aro

Ku 'yan makaranta, na kawo ƙara, ku ne alƙalai.

Kaka ta yi a ƙasar Rano da Kibiya. Ran sujadar godiya manoma suka cika gaban majami'a da dammunan dawa da gero. Sai mawaƙa suka miƙe, suka ja wata waƙa da aka juyo daga Ingila. Tsofaffin da suka noma dawar nan suka yi tsit, sai ka ce baƙi.

Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Wuya ta wahala daga ƙasa take hawa, wuya na jiki kuwa daga sama yake gangarowa. Karin Bature bai san haka ba. In ya ga dama, sai ya sa mu roƙi Ubangiji ya raba mu da abin da ke riƙe da kanmu!

An ce mini garaya ta bori ce. To, dawar fa? Da ita kakanni suka yi giyar tsafi, ga ta kuwa an karɓa. Tun 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, kowa ya karanta yadda Dauda ya yi yabo da molo.

Ku dubi Zumuntar Mata. Tulu ɗaya da caki, guda ta bayar, saura su amsa, har wanda bai san baƙi ba ya ɗauka. Ban ce a jefar da Littafin Waƙoƙi ba, ni ma da shi na girma. Amma kafin kaka mai zuwa, ku koyo waƙa biyu daga bakin iyayenku mata, ku kai wa mai koya muku.