Tambayar Da Ta Ke Jiranmu Gaban Allo

Jama'a, ba da jimawa ba za a rarraba mu garuruwa, kowa ya tsaya gaban allo. To, akwai wata tambaya da ta ke jiranmu can, gara mu shirya mata tun muna nan. Ran da muka koya wa yara cewa dabbobi da tsirrai sun yi ta sauyawa a hankali cikin miliyoyin shekaru, lalle wani yaro zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe ba Allah ne Ya halicce su ba?" In muka daka masa tsawa, zai ɗauka ilmi da addini ba sa ga maciji. In kuwa muka yi masa dariya, abin da zai ɗauka ke nan har wa yau.

Bari mu soma da abin da Darwin ya faɗa, gama yawancin masu zaginsa ba su karanta shi ba. Mutumin Ingila ne. Ya yi shekara biyar, daga 1831 zuwa 1836, yana yawon duniya cikin jirgin ruwa yana duban halittu, sa'an nan ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana nazari kafin ya buga littafinsa a 1859. Babin farko na littafin nan ba zancen biri ya ke yi ba, zancen kiwo da noma ne, musamman tattabaru, don shi kansa ya yi kiwonsu. Ya nuna yadda masu kiwo suka fitar da iri-iri daga tattabarar daji iri guda, ta wurin zaɓen waɗanda za su bari su hayayyafa. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga manomin da ya ke ware zangarniyar geron da ta fi ƙoshi ya ajiye don iri. Abin da Darwin ya ƙara shi ne, fari da yunwa da cuta su ma suna yin irin wannan zaɓe.

Shaida tana jikinmu. A 1954 Allison ya nuna cewa wanda ya gaji jinin sikila daga wajen mahaifi ɗaya kaɗai ya fi jure zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa jinin ya yawaita inda sauro ya yi yawa. Kulorokwin ma da ya ke warkad da kakanninmu, ƙwayar cutar ta sauya har ya daina cinta.

To, ina saɓani? A ganinmu sanin sanadi bai kore Mai sanadi ba. Mun san rana ce ke ɗaga tururi daga teku, iskar damina ta koro shi, amma ba mu fasa roƙon ruwa ba. Ungozoma ta san jariri wata tara ya ke yi a ciki, ba ta taɓa cewa shi ya yi kansa ba. Mendel, wanda ya gano ƙa'idar gado ta wurin shuka wake, ya buga ta a 1866, ai malamin coci ne.

Amma kada mu ruɗi kanmu, akwai wurin da gizo ke saƙa, watau asalin ɗan Adam. Darwin bai ce birin da mu ke gani shi ne kakanmu ba, cewa ya yi tushen jiki ɗaya ne. A 2001 an tono wani ƙoƙon kai a hamadar Chadi da masana suka ƙiyasta ya kai wajen shekara miliyan bakwai, wanda ya ɗauko kama ta nan da ta can. Ba za mu ɓoye wa yara wannan ba, don wanda aka ɓoye wa abu ya gano, ba ya sake yarda da malaminsa. Waɗansu malamai sun tafi a kan cewa halittar Annabi Adamu ta keta al'ada, kamar yadda aka haifi Annabi Isa ba uba, mu'ujiza kuwa ba a auna ta da ƙashi. Waɗansu sun faɗaɗa fassara. Mu ɗalibai ba mu isa raba wannan gardama ba, ko da ya ke mun lura ƙashi yana nuna siffa da shekaru, bai taɓa faɗin kome a kan ruhi ba.

Saboda haka yaron nan mu ce da shi, "Allah ne Ya halicce su, yaro, darasinmu na yau kan yadda abin ya gudana ne." Sa'an nan mu ce gobe ya zo da zangarniya biyu daga rumbun babansa, ta iri da ta tuwo, mu aza su kan tebur a gwada.