Ba Kowace Darduma Ce Ƴar Iran Ba

A kasuwanninmu na Maraɗi, Damagaram da Yamai, haka ma a shagunan Dubai da Jidda inda ƴan uwanmu ke sayen tsaraba, kalma guda ke ɗaga farashin darduma: "ƴar Iran ce". Amma sau da yawa abin da ake sayar mana da wannan suna inji ne ya saƙa shi da zaren roba a Turkiyya ko Sin. Ra'ayina shi ne wannan ƙarya mutum biyu take cuta: mai saye, da macen da ta yi shekara tana zaune gaban masaƙa a wani ƙauyen Iran.

Sunan da ake cin kasuwa da shi ba a banza aka same shi ba. A gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan akwai dardumar Ardabil, wadda aka kammala a shekara ta 946 bayan Hijira, wato 1539 zuwa 1540, zamanin Sarki Tahmasp na daular Safawiyya. Tsawonta ya haura mita 10, tana ɗauke da ƙulli kusan miliyan 26, kowane ɗaya da hannu aka ɗaure shi. Daga baya Sarki Abbas na Ɗaya ya kafa gidajen saƙa na fada a Isfahan da Kashan. A 2013 an sayar da wata dardumar Kerman ta ƙarni na 17 a gwanjon birnin New York kan dala miliyan 33.7.

Aikin kuwa na haƙuri ne. Ana miƙe zaren tsaye a kan masaƙa, masaƙiya ta riƙa ɗaure gashin tumaki ko alharini ƙulli bayan ƙulli, ta yanke da wuƙa, ta gitta zaren kwance, sannan ta danne layin da wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji. A birane irin su Tabriz da Kashan ana bin zanen da aka shata a takarda. Matan makiyayan Ƙashƙa'i na lardin Fars kuma da ka suke saƙa zanen da suka gada daga iyayensu mata. Launin ja daga saiwar wani tsiro ake samo shi, rawaya daga ɓawon rumman, shuɗi kuma daga baba, irin wanda marinanmu suka sani. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya saƙar Fars da ta Kashan cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Yau wannan sana'a tana cikin wani hali. Amurka, wadda a da take cikin manyan masu saye, ta hana shigar da dardumar Iran a 2010, ta buɗe ƙofa a 2016 bayan yarjejeniyar nukiliya, ta sake rufewa a 2018. Cinikin waje da ya taɓa kai dala biliyan 2 a shekara ya faɗo ƙasa da miliyan 50. Indiya, Pakistan da Turkiyya suka cike gurbin, sau da yawa da zanen Iran ɗin kansa. Masaƙan da aikin ya daina ciyar da su suna barinsa, ƴaƴansu kuma ba sa koyo.

Wani zai ce: ina ruwan talaka? Wanda ke neman abin shimfiɗa wa amarya ba shi da kuɗin aikin hannu, ta inji ta fi sauƙi. Gaskiya ne, kuma babu abin kunya a ciki. Iran ɗin ma tana da masana'antun kafet na inji. Laifin shi ne a karɓi kuɗin aikin hannu a ba ka aikin inji. Matashin da ya yi wata shida yana leburanci a ƙasar waje don ya kawo wa mahaifiyarsa abin alfahari ya cancanci sanin abin da ya biya.

Ganewa ba ta da wuya. Juya dardumar ka duba bayanta. Ta hannu zanenta na fitowa sarai a baya, ƙullinta kuma ba ya zama daidai wa daida. Gezarta ci gaban zaren jikinta ce, ta inji kuwa sau da yawa ɗinka mata ake yi. Ɗan bambancin launi a wuri guda alamar rinin hannu ce, ba aibi ba. Idan kuma an ce maka alharini ce ta Ƙum a farashin buhun shinkafa biyu, ka riƙe kuɗinka.

Ba mu da ikon ɗage wa Iran takunkumi. Amma muna da ikon tambayar ɗan kasuwa: ina aka saƙa ta, hannu ne ko inji? In ta inji ce, ya faɗa, ya sayar da ita a kuɗinta.