Ko Kayan Aro Na Rufe Katara? Darasi Daga Tsohuwar Japan

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Na yarda da magabata, amma tarihin Japan ya nuna mini cewa ba aron ne aibu ba, yadda aka yi shi ne.

A ƙarni na 6 Japanawa ba su da rubutun kansu. Ta hanyar Koriya suka sami haruffan Sin da addinin Buda. A shekara ta 604 Yarima Shotoku ya fitar da ƙa'idoji 17 na mulki, cike da koyarwar Kwanfushiyas, masanin nan na Sin. A 607 ya aika jakada zuwa fadar Sin. Daga nan ɗalibai suka riƙa ƙetare teku don neman ilimi, wasu jirage suka nutse da su, wasu suka yi shekara talatin kafin su komo gida. A 646 aka shelanta gyaran da ake kira Taika, aka ce ƙasa duka ta sarki ce, a raba gonaki bisa ƙidayar jama'a. A 710 aka gina birnin Nara da tituna miƙaƙƙu, kamar Changan, babban birnin Sin.

To, me ya ɗore? Mu duba rubutu. Harshen Japan ya bambanta ƙwarai da na Sin, don haka haruffan aro ba su zauna masa daidai ba. Maimakon su yar da su, sai suka sassaƙe su, suka fitar da nasu haruffan da ake kira kana, kowane harafi gaɓa ɗaya. Da su ne wata mace ta fada, Murasaki Shikibu, ta rubuta Labarin Genji wajen shekara ta 1000. Har yau ana karanta shi. Wannan aro ya zama nasu.

Sai mu duba mulki. A Sin akwai jarrabawar shiga aikin gwamnati, wadda ta buɗe wa mai ƙwazo hanya ko da ba ɗan sarauta ba ne. Japan ma ta kafa makarantar horar da ma'aikata da jarrabawa, amma doka ta ba 'ya'yan manya muƙami saboda darajar iyayensu. Sun ɗauki kwanon, sun bar tuwon. Sakamakon haka gidan Fujiwara ya mamaye fada, gonakin da aka raba suka koma hannun manya da gidajen ibada, har a 1185 mayaƙa suka ƙwace iko, sarki ya zama na ado.

Wani zai ce ai kowace ƙasa da al'adarta, kuma Japanawa sun zaɓi abin da ya dace da su. Gaskiya ne, amma wa ya yi zaɓin? Masu gata ne, kuma abin da zai taɓa gatansu shi suka tsallake.

Ya ku ɗalibai, kusan duk abin da kuke koyo a aji daga wani wuri ya zo. Kada ku ji kunyar aro. Ku yi aiki da shi har ya zama naku, kuma kada ku bar ɓangaren da ya fi wuya don kawai ya fi wuya.