Uwar Asusu da ’Ya’yanta: Darasi Daga Ƙasar Faransa

Bankin manoma na Faransa, wato Crédit Agricole, daga ƙasa aka tada gininsa. A 1894 doka ta ba manoma izinin kafa ƙananan asusu na gama-kai a garuruwansu. A 1899 aka kafa asusun jihohi, sa'an nan a 1920 gwamnati ta ɗora musu uwa a Paris.

Aikin uwar asusu uku ne. Tana tattara rarar ajiya daga jihar da kuɗi suka yi yawa, ta kai inda manoma ke neman bashi. Tana ciwo rance a manyan kasuwanni da sauƙin ruwa, abin da ƙaramin asusu ba ya iyawa shi kaɗai. Tana kuma binciken lissafin kowane asusu, ta tallabe wanda ya yi rauni, don kada ajiyar talaka ta salwanta.

A 1988 gwamnati ta sayar wa asusun jihohi da uwar tasu. A 2001 aka shigar da ita kasuwar hannun jari, amma asusun jihohi suka riƙe kaso mafi girma. Daga nan ta zama mai iyayen gida biyu: manomi na son bashi mai sauƙi, mai hannun jari na son riba. Neman ribar ya kai ta sayen bankin Emporiki na Girka a 2006. Da tattalin arzikin Girka ya durƙushe, sai ta sallama shi a kan yuro ɗaya tak, kuma asarar da ta yi a 2012 ta zarce yuro miliyar 6. Ribar asusun jihohi ce ta rage zafin faɗuwar.

Nan gaba nauyinta ƙaruwa zai yi. Tun 2014 babban bankin Turai ke sa ido a kan rukunin gaba ɗaya, kuma aikin banki ta wayar hannu na buƙatar jarin da sai an haɗa ƙarfi.

A Nijar, UNCC ta 1962 da CNCA ta 1967 daga sama aka kafa su, kuma bashin da ba a biya ba ya karya CNCA a shekarun 1980. Ya kamata shugabannin ƙungiyoyinmu su lura: uwar asusu tana ɗorewa ne idan ajiyar membobi ke ciyar da ita, kuma su ne ke tambayarta lissafi.